Damina nawa ta rage maka?

Na dade ina so in rubuta wannan abun amma duk na dauko waya in fara sai in ji wani iri in aje, yau dai nace ko ya ya ne sai na fitar dashi daga raina, don tun rasuwar kawuna bara da kaka abun ke cina.

Kawu kanen mahaifiyarmu ne, manomi ne a wani kauye can gefen Malumfashi, dattijon ikilisiya tun kafin a haife ni. Bai yi boko ba, karatun da ya iya a ajin yaki da jahilci na coci ya koye shi, irin karatun nan da ake bi da yatsa ana motsa baki, amma fa Littafi Mai Tsarki nashi ya sha hannu har bangon ya rabu, da leda yake nade shi ya daure da kyauro. Yana da wata tambaya da yake ma kowa, yaro da babba, in kazo kana mashi lissafin abun da zaka yi, zan gina kaza zan sayi kaza, sai ya barka ka gama tsaf sannan yace "to madalla, damina nawa ta rage maka?" Mu da muna yara haushi abun ke bamu, muce tsohon nan baya da magana sai ta mutuwa.

Shekara ukku da suka wuce matata ta zo haihuwa aka ce sai an yi mata aiki, albashina na malamin makaranta ko rabi bai kai ba, ga wata ya yi nisa. Kawu ya ji labari, bai ce mani komi ba ya fasa rumbu ya kai kasuwa ya aiko mani da naira dubu 80, yace in Allah ya hore ka maido. Allah kuma ya hore din, ba sau daya ba ba sau biyu ba, amma kullum sai wata hidima ta taso, kudin makarantar yara, haya, gyaran mashin, har waya sabuwa na canza a cikin wannan tsakanin, Allah na gani bazan boye ba. Daga nan sai kunya ta shigo. In na ga kiranshi sai gabana ya fadi in kife wayar ince zan kira shi in na hada kudin. Bikin Kirsimeti biyu ban je gida ba, ina fakewa da cewa hanya ba kyau saboda 'yan bindiga, kuma hanyar ba kyau din da gaske amma ni na san ba ita ta hana ni ba.

Ran wata Alhamis ya kira ni sau biyu ina wajen mai shayi nan kusa da Kofar Kaura, ina kallon wayar tana haske har ta katse. Asabar da sassafe sai ga kiran yayana, shi kuwa yaya baya kirana sai da dalili don mun fi shekara hudu ba ma ga maciji akan maganar gonar babanmu. Ina dauka yace "Kawu fa ya riga mu, jiya da yamma ya fadi a gona suna daurin dawa." Shikenan ya kashe.

Ban san yadda zan kwatanta maku tafiyar nan ba. Daga tasha har muka wuce Kankia kudin na cikin aljihuna, dubu 80 cif, cikin awa biyu na hada su da safen nan, abun da na kasa yi a sama da shekara biyu.

Bayan an yi jana'iza an watse, mata 'yan zumunta na ta wanke-wanke a tsakar gida, sai Inna matar kawu ta kira ni daki. Na durkusa nace Inna ya hakuri, tace hakuri da godiya dana, na ciro kudin na aje gabanta ina ta kame-kame. Bata ko kalle su ba, ta jawo ledar nan ta kwance kyauron, cikin Littafin akwai wani dan littafin rubutu irin na 'yan firamare duk ya yi dukun-dukun. Ashe nan yake rubuta bashi, wanda ake binshi a gaba, wanda yake bi a baya. Shafukan gaba duk an soke su, ko tiya daya ta gero ba mai binshi. Ta bude baya ta nuna mani sunana da irin rubutun nan nashi mai kama da tafiyar kaza, ga 80,000, an ja layi a kai, a gefe an sa "na yafe, Kirsimati". Tace "tun waccan shekarar ya soke shi, kiran da yake ta yi maka so yake ya gaya maka ka daina gudu kazo gida."

Ni dai ban yi kuka a bakin kabari ba amma a dakin nan na yi shi kamar yaron goye.

Tun daga ranar na koma ma Zabura 90, wadda ake karanta mana duk daren 31 ga Disamba wajen addu'ar tsallake shekara muna hamma muna jiran sha biyu ta buga a yi ihu. A aya ta 10 aka ce kwanakinmu shekara 70 ne, in da karfi 80, a ta 12 kuma mai addu'ar ya roki Allah ya koya mana kidaya kwanakinmu don mu sami zuciya mai hikima. To na dauki maganar a yadda tazo na bude kalkuleta. Shekara 70 kwana 25,550 ne. Ni yanzu ina 44, na cinye 16,060 kenan, saura 9,490, in ma an bani 70 din, don ba wanda ya sa mani hannu a takarda. Cire kashi daya cikin ukku na barci. A lissafin kawu kuwa damina 26, wato sau 26 kacal zan kara jin kamshin ruwan farko in ya sauka akan busasshiyar kasa. Da na ga lambar sai naji ta yi mani kadan kwarai, kudin da ke asusuna ma a karshen wata sun fi ta yawa.

Abun da ya bani mamaki, kan zaburar an rubuta addu'ar Musa ce, Musa kuwa shekara 120 ya yi, duk da haka yana ganin kwanakin kamar ciyawar da ta tsiro da safe ta bushe da yamma. Metusela ma da ya yi 969, in ka duba Farawa sura 5 karshen labarinshi kalma guda ce da ta kowa, ya mutu. Ayuba yace kwanakinshi sun fi koshiyar masaki sauri, duk wanda ya taba tsayawa kan masaki yana aiki ya ga yadda koshiya ke wulgawa daga hannun dama zuwa hagu ya san ba karin gishiri a maganar, kafin ka kyafta ido ta je ta dawo kuma zaren cikinta raguwa yake.

Mu nan Katsina ai bama bukatar a tafi da nisa wajen misali. Umaru Musa 'Yar'adua yana kan kujerar shugaban kasa ya rasu ran 5 ga Mayu 2010 yana da shekara 58, washegari aka kawo shi nan aka rufe a makabartar Dan Marna. Muhammadu Buhari ya rasu a Landan ran 13 ga Yuli 2025 yana da 82, ran 15 aka rufe shi a gidanshi a Daura. Daya ya haura tamanin din da zabura ta fada da 'yan kai, daya ko sittin bai cika ba, su biyun duk sun rike kasar nan gaba daya, kuma ramin da aka gina masu bai fi na kawu fadi ba. In ka bi ta wajen Mani akwai Durbi Takusheyi, tuddan da aka binne sarakunan farko na kasar Katsina, masu tono sun samu kayan ado na zinariya da hauren giwa a ciki, kayan na nan masu kayan kuwa sai kasusuwa. Mutuwa rigar kowa, mun iya fada a gidan makoki, muna fitowa kofa mu kakkabe riga mu mance.

Akwai abun da nake gani wajen makwabtanmu Musulmi da yake taba ni. Mutum ya cika da asuba, kafin azahar an yi mashi sutura an dauka a makara an kai, attajiri da almajiri likkafani iri daya. Mu kuma yanzu, musamman na cikin gari, sai a kai gawa mutuware a aje sati biyu ko ukku ana jiran 'yan uwa, a buga fosta, a fidda anko, a sayi akwati mai tsada, wani gidan har bashi ake ci, wanda kila da mamacin na kwance asibiti ba a samu rabin wannan kudin an sai mashi magani ba. Ban ce girmama mamaci laifi bane, ni dai ina ganin wani lokacin hidimar ce muke lullube kanmu da ita don kar mu tsaya mu kalli abun da ya faru ido da ido. Littafin Mai Wa'azi 7:2 cewa ya yi gara zuwa gidan makoki da zuwa gidan biki don nan ne karshen kowa, mai rai kuma ya sa abun a zuciya, to in mun maida gidan makokin gidan biki ina zamu je mu yi tunanin?

Wani abu kuma da ya shigo mana, wa'azin nan na "ba zaka mutu ba, mutuwa ba rabonka bace", a sa mutane su tashi suna daga murya suna korar mutuwa kamar ana korar akuya daga rumbu. Ina son tsawon rai nima, ina rokonshi ma 'ya'yana kullum, kuma rokon ba laifi bane don sarki Hezekiya ya roka da hawaye aka kara mashi shekara 15, yana nan a Ishaya 38. Amma ku karanta sura ta gaba ku ga me yayi da karin, baki suka zo daga Babila ya zagaya dasu yana nuna masu taskarshi kaf, azurfa da zinariya da makamai, annabi yazo yace mashi duk wannan wata rana Babila za a kwashe su. Sha biyar din kuma ta kare ya tafi. Sakon farko da aka kawo mashi shine ka kintsa gidanka, wannan sakon ni ban taba jin an soke shi ba, jinkirta shi aka yi.

To in rai gajere ne sai me? Nan ne na dade ina fama, don gajartar rai kowa ya yarda da ita, wanda baya addini ma ya yarda, shi yasa wani zai ce tunda gobe zamu mutu bari mu ci mu sha, Bulus da kanshi ya kawo wannan maganar a 1 Korintiyawa 15 yace in dai matattu basa tashi to hakan ne daidai. Abun da ya raba mu da wannan lissafin shine kabarin Yesu ba kowa ciki. A Betanya ya gaya ma Marta, dan uwanta na kwana hudu a kabari, cewa shine tashin matattu shine kuma rai, wanda ya bada gaskiya gare shi ko ya mutu zai rayu. Kuma duk da ya san abun da zai yi nan da dan lokaci sai da yayi hawaye a wurin, don haka duk mai ce maka Kirista baya kuka a makoki ka tura shi Yohanna 11:35. Abun da aka ce mana a Tasalonikawa kar mu yi bakin ciki irin na marasa bege, ba a ce kar mu yi ba sam. Shi yasa a bakin kabari muke cewa sai mun sadu a kafafun Yesu, da ina jin ta kamar maganar rarrashi ce kawai, ranar kawu na ji nauyinta, don ina da maganar da zan gaya mashi.

Da ina dauka tunanin madawwami shine mutum ya saki duniya ya zauna yana jiran kahon ranar karshe, kullum fuska a murtuke. Kawu ya karyata mani wannan ba tare da ya bude baki ba. Mutumin nan a gona ya fadi yana daurin dawa yana da shekara saba'in da wani abu, kuma a bayan gidanshi akwai 'yan dashen mangwaro da ya kewaye da kaya saboda awaki, ko gwiwa basu kai ba, ya san sarai ba shi zai sha ba. Ku duba ma yadda Bulus ya rufe waccan surar ta tashin matattu, bayan duk maganar kaho da jiki marar rubewa sai yace saboda haka ku tsaya daram kuna yawaita aikin Ubangiji don wahalarku ba banza bace, yana shiga sura 16 kuma sai maganar tara gudummawa ma 'yan uwa mabukata, kowa ya rika ware wani abu ran farko ta mako. Daga tashin matattu kai tsaye zuwa aljihu. Abun har dariya ya bani da na lura.

Misalin nan na Luka 12 ma da muke ji tun a makarantar Lahadi, mai arzikin da gonarshi tayi albarka yace zai rushe rumbunanshi ya gina manya, Allah yace mashi wawa, a daren nan za a karbi ranka. Duk dan kauye ya san gina rumbu ba zunubi bane, wanda bai yi rumbu ba shi ke yawon aron tiya in damina tayi tsakiya. Ku sake karanta maganar mutumin ku kirga sau nawa yace ni da nawa, amfanina, rumbunana, raina, ba Allah ba makwabci ba ko matarshi a cikin lissafin. Kuma abun da yasa Yesu ya bada misalin, wani ne daga cikin taro yace Malam ka gaya ma dan uwana ya raba gado dani. Rigimar gado. Da na kai nan sai na rufe littafin na dan zauna shiru, kamar dani da yaya ake.

Kawu ma yana da rumbu, har biyu, amma nashi mai kofa ne, ya fasa shi saboda matar wani yaro da zai zo ya rika kife mashi waya. Ina ganin abun da ake nufi da tara dukiya inda asu da tsatsa basa ci kenan, dawar da ya sayar saboda mu yanzu yarinya ce 'yar shekara ukku tana yawo tsakar gidana tana fasa mani kofuna.

Yakubu 4 ma 'yan kasuwa yake ma magana, masu cewa yau ko gobe zamu gari kaza mu shekara mu ci riba, yace ranku fa kamar tururi ne, ya dan bayyana ya bace, kamata yayi kuce in Ubangiji ya yarda. Mu Hausawa wannan kalma bata yi mana wuya, Kirista da Musulmi, in Allah ya yarda, in Allah ya kaimu, gobe ta Allah ce, har ta zama abun da muke fada in bamu da niyyar yin abu. Ni da ita na rika yaudarar kaina, in Allah ya kaimu karshen wata zan kira kawu. Allah kuwa ya kai ni karshen wata sama da talatin. Aya ta 17 a wurin ita ce bamu cika karantawa ba, wadda tace duk wanda ya san abun da ya kamata yayi bai yi ba, zunubi ne gare shi. Yanzu in na zauna wajen mai shayin nan da sanyin safiya lokacin hunturu, ya daga buta ya tsiyaya, tururin ya tashi kafin ya miko mani kofin ya bace, sai in tuna wayar nan tana haske akan benci.

Ba wai na zama wani waliyyi bane fa, har yanzu ina bata awa biyu a Facebook ina karanta fadan da ba nawa ba, har yanzu in an taba ni ina kullata. Kuma ban yarda mutum ya rika aikin kirki don tsoro ko don ya cika ma'auni ba, mu dai bangaskiyarmu ita ce ceto kyauta ne ta wurin alheri, an riga an ja layi akan bashin tun a kan gicciye. Sai dai na gane mutum na iya zama wanda aka yafe mawa ya kwashe shekaru yana gudun mai kiranshi, yana tara abun biya, alhali kiran na ya zo gida ne. Shekara biyu ina bin lungu saboda bashin da babu shi.

Inna bata karbi kudin ba. Da na matsa sai tace in kai ma wata gwauruwa a ikilisiyarsu da rufin dakinta ya yaye, tace "abun da kawunka zai yi dasu kenan." Littafin bashin kuma ta bani, yana nan cikin nawa Littafin, na sayi irinshi na fara rubuta nawa, shafin gaba ya fi yadda nake zato cika, harda naira dubu 3 na mai gyaran mashin da na maida kamar na mance.

Na yaya ne ya fi mani wuya don shi ba kudi bane, ban ma san a wane shafi zan sa shi ba, gaba ko baya. Gonar da muke rigima akanta in ka cire kunya bata fi a noma dami talatin ba, kuma baban da ya bar mana ita shima gadonta yayi ya bari. Ran Lahadin da ta wuce ana shirin Jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan inabin da muke dauka don tuna mutuwar Yesu, fasto ya karanta wurin nan a Matiyu 5 da aka ce in ka kawo baikonka gaban Allah ka tuna dan uwanka na da wata magana game da kai, ka aje baikon ka je ku shirya tukuna. Na fita waje na tsaya gindin dalbejiya inda ake aje mashina na kira shi. Ta dade tana kara har na fara addu'ar kar ya dauka, sai naji muryarshi a tsorace.

"Lafiya? Wa ya rasu?"

Nace Yaya ba kowa, gaishe ka na kira in yi, kuma ran Asabar in Ubangiji ya yarda ina nan tafe. Yayi shiru har na duba ko ta katse, can sai yace "to ka taho ma yara da burodi."